Cuta tana mafitsara, mai ita yana sambatu: wa ya taɓa ƙwaƙwalwar?

Nafisa, ɗalibar aikin jinya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai abin da ya ɗaure mini kai a darasin sefsis. An ce dattijo yana iya kamuwa da cutar mafitsara ko ta huhu, cikin kwana ɗaya ko biyu ya daina gane 'ya'yansa, ya riƙa fizge robar ƙarin ruwa yana sambatu. A ɗebi ruwan ƙashin bayansa a kai ɗakin gwaji, a dawo a ce babu ƙwayar cuta ko ɗaya. To in cutar ba ta haura kai ba, wa ya taɓa ƙwaƙwalwar? Don Allah a warware mini dalla-dalla.

Dakta Auwal: Wa alaikumus salam, Nafisa. Jikinsa ne ya taɓa ta. Tun 2016 aka sake fassara sefsis: ba yawan ƙwayoyin cuta a jini ne ma'auni ba, a'a, garkuwar jiki ce ta tashi yaƙi ta wuce gona da iri har gaɓoɓin mai ita suka fara gazawa. In ƙoda ce ta gaza, fitsari ke raguwa. In huhu ne, numfashi ke sauri. In ƙwaƙwalwa ce, ruɗewa za ki gani, kuma sau da yawa ita ke riga sauran nuna alama, tun jini bai sauka ba.

Kada a ɗauke shi ƙaramin abu. Wasu ƙididdigar sun nuna har kashi 70 cikin 100 na masu sefsis mai tsanani suna samun wannan ruɗewa. Wani bincike na 1996 ya auna majinyata da ma'aunin Gilasgo na zurfin suma, wanda makinsa ke tashi daga 3 (suma mai zurfi) zuwa 15 (cikakken hayyaci): cikin masu maki 15, kashi 16 ne suka rasu, cikin masu 3 zuwa 8, kashi 63. Shi ya sa sauyin hankali yake cikin alamomi uku da ake dubawa a bakin gado don gane mai sefsis da ke cikin haɗari, tare da numfashi 22 ko fiye a minti ɗaya, da lambar sama ta awon jini 100 ko ƙasa. Yadda saƙon ke isa kai kuwa, fagen Malam Sanusi ne.

Malam Sanusi, malamin ilimin garkuwar jiki: Dakta ya ɗora mini kaya, bari in sauke shi a hankali. Nafisa, ki gyara zama.

Mu ɗauki E. coli, wadda ta fi kowace bakteriya jawo cutar mafitsara. A bangonta na waje akwai sinadarin da ake kira LPS. Masu gadin jiki, wato makarofaj da monosait, suna da makama a fatarsu mai suna TLR4 wadda ke gane shi. Da sun gane shi sai su saki 'yan aike cikin jini, su ne saitokin: TNF, IL-1 da IL-6. An gwada a jikin mutane masu lafiya da suka amince: minti 90 bayan allurar LPS, TNF ya kai ƙololuwa, IL-6 ya biyo bayansa cikin awa biyu zuwa uku.

Amma ƙwaƙwalwa tana da ganuwa. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jininta an ɗinke su ƙam da wasu furotin, babbansu kilodin-5. Daga waje wasu ƙwayoyi sun rungume jijiyar, sannan astirosait, ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sun lulluɓe ta da ƙafafuwansu. Tun 1885 Paul Ehrlich ya ga rinin da ya zuba a jinin dabba ya rine gaɓoɓi ya bar ƙwaƙwalwa fara. LPS kansa ɗan mitsitsi ne ke tsallakawa. Saƙon yana bin wasu hanyoyi ne.

Akwai jijiyar bagus, wadda ta fito daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa ƙirji da ciki. Kusan kashi 80 na zarenta rahoto suke kaiwa sama, kuma suna jin saitokin. Akwai 'yan wurare da ganuwar ta bar taga da gangan don ƙwaƙwalwa ta ɗanɗani jini, kamar cibiyar amai. Ta ukun ita ce ganuwar da kanta: bangon jijiya yana jin saitokin ta ɓangaren jini, sai ya sarrafa sinadarin PGE2 ya zuba ta ɓangaren ƙwaƙwalwa. Shi ke isa cibiyar daidaita zafin jiki ya ɗaga ma'auni, zazzaɓi ya sauka. Har nan babu ɓarna. Zazzaɓi, kasala, ƙin abinci, son kwanciya, duk dabarar jiki ce ta tilasta wa mai shi hutawa.

Ɓarna tana farawa in gangar yaƙi ta ƙi yin shiru. A cikin ƙwaƙwalwa akwai dakarun gida, maikirogiliya, kusan kashi 5 zuwa 10 na ƙwayoyinta. Wani masani ɗan Sifen, Pío del Río Hortega, ya fayyace su a 1919. Ba daga ɓargo suke zuwa ba. Tun ɗan tayi yana 'yan makonni suka shiga suka zauna. In lafiya lau ne, siraran rassansu kullum suna lalube, suna share matattun ƙwayoyi. In saƙo ya yi yawa sai su janye rassan, su dunƙule, su fara zuba nasu TNF da IL-1 daga ciki. Su tayar da astirosait, waɗanda aikinsu shi ne kwashe rarar gulutamet, sinadarin da ke zuga jijiya ta harba saƙo, daga mahaɗar jijiyoyi. In suka yi sakaci gulutamet ya taru, jijiya ta yi ta harbawa har ta jigata. Tiriftofan, wanda da shi ake yin sirotonin, a karkatar da shi zuwa wani asid mai ƙara zuga jijiyar. Iskar naitirik da suke fitarwa ta shaƙe injin da ke samar wa ƙwaya makamashi, ga iskar oksijin amma ba halin amfani da ita. Sannan furotin C1q da C3 su shafa wa mahaɗar jijiyoyi alama, maikirogiliya su bi su cinye. Hifokamfas, ma'ajiyar sabon tunani, tana cikin wuraren da suka fi jin jiki.

An ga alamar wannan a mutum mai rai. A 2015 a jami'ar Yale ta Amurka an yi wa mutum 8 allurar LPS, nanogiram 1 kacal ga kowane kilo, hoton PET ya nuna alamar tashin maikirogiliya ta ƙaru da kashi 46 bayan awa uku.

Dakta Hajara, likitar yara: Malam, Allah ya ƙara basira, amma ka naɗa wa maikirogiliya rawanin da ya fi kansu. Ni a ganina yaƙin a bakin ganuwa ake cinsa ko a faɗi.

Cikin jijiyar jini akwai wani laushin shafe mai kama da yauƙi wanda ke hana ƙwayoyin jini mannewa. Sefsis yana kankare shi. Bangon ya fito da ƙugiyoyi: selektin su sa nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, ya rage gudu yana mirginawa, ICAM-1 ya riƙe shi ƙam. Nutrofil da ya manne yana zuba MMP-9, wanda ke warware ɗinkin nan na kilodin. Yana kuma amayar da zaren DNA ɗinsa kamar taru, abin da aka gano a 2004; tarun yana kama bakteriya, amma yana kama ƙwayoyin daskarar da jini ma, sai ƙananan gudaji su toshe hanya. Siririyar jijiyar ƙwaƙwalwa ba ta wuce maikiromita 5 zuwa 8 ba, nutrofil ya fi ta kauri, sai ya lanƙwashe yake wucewa. In ya fusata yakan sandare ya maƙale. Duk abin da ke bayansa ya rasa jini. Sai ɗan aike CCL2 ya kira monosait daga jini su taru a bakin jijiyar. A 2018 ma an gano ƙananan hanyoyi da suka ratsa ƙoƙon kai, inda nutrofil ke saukowa daga ɓargon ƙoƙon kai tsaye zuwa tantanin ƙwaƙwalwa.

Hoton PET ɗin nan kuma, furotin da yake kamawa ba maikirogiliya kaɗai ke da shi ba, bangon jijiya da astirosait ma suna da shi. Ba zai zama hujjar a ɗora musu laifin duka ba.

Malam Sanusi: Na karɓi gyara kan hoton, Dakta, gaskiyarki ce. Amma ban yarda abu biyu ne masu gaba da juna ba. Wani aiki da aka yi a Japan a 2019 ya bi maikirogiliya da madubi a kan ɓeraye masu rai. A kwanakin farko sun yi ƙaura zuwa jikin jijiyoyin jini, suka fito da kilodin-5 da kansu suna liƙe ɓaraka. Da kumburin ya ƙi ƙarewa, su ɗin dai suka juya suna cin ƙafafun astirosait, ganuwar ta ƙara tsagewa. Ƙwaya ɗaya, aiki biyu, bambancin tsawon lokaci ne. Wannan ne ya sa gwaje-gwajen da aka share maikirogiliya daga ƙwaƙwalwar ɓera ba su ba da amsa iri ɗaya ba.

Abin da ke goyon bayanki shi ne binciken gawa da aka yi a Faransa farkon shekarun 2000: ƙwaƙwalwar waɗanda sefsis ya kashe ta nuna wuraren da jini ya yanke da ƙananan zubar jini. Amma ta nuna mutuwar ƙwayoyi a cibiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da ƙarfin jini, kuma an danganta ta da iskar naitirik ɗin nan. Ke nan ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana iya ƙara kayar da jinin da take buƙata.

Malam Isiyaku, ɗakin gwaji: Ku yi haƙuri in mayar da mu kan kalmar da Nafisa ta fara da ita, cewa ruwan baya ya fito tas. Kafin a yarda da takarda, a tambayi yadda ruwan ya iso.

Lafiyayyen ruwan baya garai yake kamar ruwan sha, fararen ƙwayoyi ba su wuce 5 a maikirolita ba, furotin miligiram 15 zuwa 45 a desilita, sukarinsa kusan kashi 60 na sukarin jini. A ruɗewar sefsis haka yake fitowa, sai dai furotin ya ɗan ɗaga saboda ganuwa ta fara yoyo. A sanƙarau na bakteriya kuwa ruwan yakan yi gurɓi, ƙwayoyi ɗaruruwa ko dubbai, sukari ya faɗi ƙasa da kashi 40 na jini. Shi ya sa dole a auna sukarin jini a lokacin da aka ɗebi ruwan, in ba haka ba lissafin ba shi da tushe.

Inda ake kuskure: nutrofil yana narkewa a kwalba. Bayan awa biyu a zafin ɗaki kusan rabinsu sun tafi. A kai shi cikin awa ɗaya. Kada a sa kwalbar shuka, wato wadda za a reni bakteriya daga cikinta, a firji, bakteriyar sanƙarau ba ta jure sanyi. Kuma in majinyaci ya sha maganin kashe bakteriya daga kemis kafin ya zo, shuka tana iya ƙin tsirowa alhali cutar na nan. Haka jini: kwalabe saiti biyu, mililita 8 zuwa 10 kowace kwalba ga babba, kafin allurar farko. Ko an yi komai daidai, ƙasa da rabin masu sefsis ne jininsu ke tsirar da wani abu. Takarda ta ce babu, ba shi ne babu ba.

Malam Sanusi, a kuma tuna wa ɗalibai ɓera ba mutum ba ne. Mutum nanogiram 2 zuwa 4 na LPS ga kilo ke sa shi rawar sanyi, ɓera sai an ba shi miligiram.

Kabiru, jami'in lafiya na karkara: Ranku ya daɗe, ina bin ku tiryan-tiryan. Tambayata biyu. Tunda kumburi ne, kuma deksametazon na kashe kumburi, ga shi da araha a kowane kemis, me zai hana a yi wa duk mai zazzaɓi da ya fara sambatu? Na biyu, a ƙauye in mutum ya fara surutai ana cewa iska ce ta taɓa shi, sai an kwana biyu ana hayaƙi kafin a kawo shi. Me za a gaya wa dangi?

Malam Bashir, mai harhaɗa magunguna: Malam Kabiru, don girman Allah kada a yi haka. Tunanin ya yi kama da daidai, kuma manyan kamfanoni sun zuba dukiya a kansa shekara da shekaru. Magungunan toshe TNF an gwada su a shekarun 1990, ba su rage mutuwa yadda aka sa rai ba, ɗaya daga cikinsu ma ya ƙara ta da aka ɗaga yawansa. Maganin toshe TLR4 ya faɗi gwaji a 2013. Maganin sefsis mai suna Xigris da aka yi ta yayinsa an janye shi daga kasuwa a 2011. Dalili a fili yake: dakarun da ke ɓarnar su ne ke kashe bakteriyar. Kuma bayan 'yan kwanaki garkuwar mai sefsis tana komawa ƙasa da kanta, limfosait, wasu fararen ƙwayoyin jini, su yi ta mutuwa, wata cutar ta samu ƙofa. Ka ƙara masa deksa, ka ƙara buɗe ƙofar, ka ɗaga sukari, ga shi ita kanta tana iya hana barci ta jawo ruɗewa.

Ga wurare biyu da ake ba da irin wannan magani da hujja. Haidirokotizon miligiram 200 a yini ga babban da jininsa ya ƙi tashi duk da ruwa da maganin ɗaga jini, a asibiti. Sai sanƙarau na bakteriya, inda ake ba da deksa kafin allurar farko ta maganin bakteriya ko tare da ita, miligiram 10 duk awa shida kwana huɗu ga babba. Ko wannan ma, amfanin da aka gani a Turai a 2002 ba a same shi a Malawi ba, a yara a 2002 da manya a 2007.

Dakta Mamman, daga Damagaram: Barkanku da war haka 'yan uwa. Bashir ya faɗi gaskiya, zan ƙara da abin da ya fi shafar ƙasashenmu, domin a nan mai zazzaɓi da ruɗewa abu uku ne ke gabanka, sefsis, sanƙarau da maleriya, kuma hanyar da kowanne ke bi daban ce.

A sanƙarau bakteriyar ta shiga da kanta, ta hayayyafa a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, inda garkuwa ba ta da ƙarfi, nutrofil su yi tururuwa su zama mugunya. Daga Disamba zuwa Yuni, lokacin hunturu da bazara, shi ne a sahun gaba. A 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000. Rigakafin nau'in A da aka fara a 2010 ya karya lagonsa, sai nau'in C ya taso a Nijar a 2015, a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara rigakafin da ya haɗa nau'i biyar.

A maleriyar ƙwaƙwalwa kuwa, ƙwayar ba ta tsallaka ganuwa. Jajayen ƙwayoyin jinin da ta shiga ne ke fito da ƙulli-ƙulli su manne wa bangon jijiya, ɗaya daga cikin abin da suke kamawa shi ne ICAM-1 ɗin da Dakta Hajara ta ambata. Jini ya cushe, bango ya yi yoyo, kai ya kumbura. A Malawi a 2015 an ɗauki hoton MRI na yara 168: kashi 84 na waɗanda suka rasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura sosai, a cikin waɗanda suka rayu kashi 27. Kumburin ne ke danne cibiyar numfashi. Duk da haka deksa ba ta da gurbi a nan. Tun 1982 aka nuna a Tailan cewa tsawaita suma take yi. Magani shi ne atesunet ta jijiya, miligiram 2.4 ga kilo, ko 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, nan take, da bayan awa 12, da bayan awa 24.

Tarkon da ke nan: da damina yara da yawa gwajinsu na maleriya zai nuna akwai, ko ba ita ce ta sumar da su ba. Binciken gawa a Malawi ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da aka ce maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, wani abin ne daban. Saboda haka yaro a sume da zazzaɓi, a haɗa masa atesunet da maganin bakteriya seftiriyazon har a tabbatar.

Batun iska kuwa, Malam Kabiru, ba a yi wa dangi gardama kan addu'a. A ce musu a tofa masa a cikin mota, a ci gaba a gefen gado. Alamar da za su riƙe guda ce: surutan da suka zo tare da zazzaɓi, ko bayan haihuwa, ko bayan miki ya ruɓe, na asibiti ne a ranar. Kai kuma kafin ka tura: auna sukari, yaro ɗan ƙasa da shekara 6 a sa masa atesunet ta dubura miligiram 10 ga kilo, a kwantar da shi a gefe.

Dakta Auwal: Madalla. In dawo kan babba mai sefsis. Duk bayanin saitokin ɗin nan gaskiya ne, amma babu allurar da ke kwantar da maikirogiliya a yau. Abin da ke hannunmu shi ne kashe tushen wutar da hana a ƙara mata itace. Maganin bakteriya cikin awa ɗaya in jini ya faɗi ko alamu sun yi ƙarfi. A nemo mafarin: mugunya a tsaga ta, robar fitsari da ta daɗe a cire, ragowar mabiyiya a kwashe. Magani ba ya ratsa tarin mugunya.

Sannan a bi abubuwan da ke ƙara wa ƙwaƙwalwa nauyi, sukari a farko don shi ne mafi saurin kisa da saurin gyara, sai oksijin, gishirin sodiyam, da dattin da ƙoda ko hanta suka kasa fitarwa. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana daidaita jinin da ke shigarta ko awon jini ya hau ko ya sauka. A sefsis wannan dabara takan lalace, sai ta koma bin awon jini kai tsaye. Shi ya sa ake son matsakaicin awo ya kai 65. Ƙa'idar ƙasashen waje ta ce ruwa mililita 30 ga kilo cikin awa uku.

Dakta Hajara: A nan zan tsaya maka, Dakta. Kada ɗalibi ya karanta 30 ɗin nan ya kai shi ɗakin yara. Gwajin FEAST na 2011 a Yuganda, Kenya da Tanzaniya ya ɗauki yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri kusan kashi 10.5 suka rasu cikin awa 48, waɗanda ba a ɗura wa ba kashi 7.3. Yaro mai ƙarancin jini da ganuwa mai yoyo, ka ƙara masa ruwa da gaggawa, ka tsinka jinin da ya rage. Sukari in ya gaza milimol 2.5 a lita, ko 3 ga mai tamowa, a ba shi ruwan sukari mai kashi 10, mililita 5 ga kilo. In jijiya ta ƙi samuwa, a jiƙa ƙaramin cokali na sukari a sa ƙarƙashin harshe.

Dakta Auwal: Ban musa ba, har a manya. A Lusaka ta Zambiya a 2017 an gwada tsarin ruwa mai yawa, mutuwa ta zama kashi 48, a kulawar da aka saba kashi 33. Inda babu na'urar taimakon numfashi, a ba da kaɗan-kaɗan, mililita 250 zuwa 500, a saurari ƙirji, a ƙirga numfashi, a duba fitsari, kafin a ƙara. In jini ya ƙi tashi, maganin ɗaga jini noradirenalin ake nema, ba leda ta biyar ba.

Sista Rabi: Nafisa 'yata, ga naki ɓangaren. Mai ihu da fizge-fizge kowa zai gan shi. Wanda ake rasawa shi ne mai shiru: ya kwanta lamo, ido a buɗe yana kallon rufi, an kawo abinci bai taɓa ba, dangi suna cewa ya samu sauƙi yana hutawa. Irin wannan ya fi yawa ga tsofaffi, kuma ƙarshensa ya fi muni.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Ki tambayi mai jinyarsa, haka yake shekaranjiya? Sannan ki ce ya lissafo ranakun mako ta baya, Lahadi, Asabar, Juma'a. Mai ruɗewa zai kai biyu ko uku ya ɓace, ko ya koma gaba. Ki yi a kowane canjin aiki ki rubuta, domin abin yana hawa yana sauka, da safe garau, bayan magariba a birkice.

In ya tayar da hankali, kafin ki nemi allura ki taɓa mararsa, fitsari da ya taru yana haukata tsoho. Ki duba ciwo, ki duba rabonsa da bayan gida. Kada a ɗaure shi da gado, ƙara firgita yake yi. A mayar masa da tabaraunsa, a buɗe taga da rana, a rage fitila da dare, a bar mutum ɗaya da ya sani ya zauna kusa yana gaya masa inda yake da lokacin salla. Da ya iya zama a zaunar da shi.

Malam Bashir: Sista ta taɓo inda ke mini ciwo. Diyazefam ga mai ruɗewar sefsis ƙara nutsar da shi yake yi, ya danne numfashi. Gurbinsa jijjiga ce da ta wuce minti biyar, ko mai janyewar giya. Halofaridol ma babban gwaji na 2018 a Amurka ya nuna bai rage kwanakin ruɗewa ba. Ana ba da ɗan kaɗan ne in mutum zai ji wa kansa rauni. A kula da furometazin da hayosin, suna toshe asetilkolin, sinadarin aika saƙo tsakanin jijiyoyi. Maganin bakteriya sefefim kuma in ƙoda ta raunana ba a rage shi ba, shi kansa yana jawo ruɗewa da jijjiga.

Nafisa: Allah ya saka da alheri, kaina ya waye. Saura biyu. Me ya sa tsofaffi suka fi faɗawa? Kuma in an warke, ƙwaƙwalwar tana komawa yadda take?

Malam Sanusi: Maikirogiliyar tsoho, ko ta wanda mantuwa ta fara kamawa, a ɗane take kamar kunamar bindiga. Saƙon da zai sa matashi kasalar yini ɗaya, ita zai sa ta zuba IL-1 ninki-ninki. Ga asetilkolin ya ragu da shekaru, alhali shi ke riƙe da hankali wuri ɗaya, kuma shi ne linzamin da jijiyar bagus ke ja wa makarofaj da shi su sassauta TNF, kamar yadda Kevin Tracey da abokan aikinsa suka nuna a farkon shekarun 2000. Linzami ya saki, doki kuma a zabure.

Dakta Auwal: Da yawa suna komawa daidai cikin kwanaki ko makonni, amma ba kowa ba. Wani bincike na 2010 a Amurka ya bi tsofaffi kafin sefsis da bayansa: masu matsakaicin rauni ko mai tsanani a tunani sun tashi daga kashi 6 zuwa kusan 17. Wani na 2013 ya nuna gwargwadon kwanakin da mutum ya yi a ruɗe, gwargwadon raunin tunaninsa bayan shekara. A gaya wa dangi tun ranar sallama cewa mantuwa, saurin fushi da kasa lissafin kuɗi suna iya biyo baya, kada a ce ya canza hali. A sa wani ya riƙe masa magungunansa, a dawo da shi a duba bayan wata ɗaya zuwa uku.

Dakta Hajara: Jarirai kuma nasu ya fi ɓoyuwa, Nafisa, don jariri ba ya sambatu. Ƙin kama nono ne, ko jiki ya saki, ko zafi ya kai 38, ko ya yi sanyi ƙasa da 35.5, ko numfashi 60 a minti, ko maɗiga ta kumbura. A bakwaini, ƙwayoyin da za su naɗe zaren jijiyoyi da rigarsu ba su nuna ba tukuna, kuma su ne saitokin da gulutamet suka fi kashewa. Daga nan ake samun yaron da ƙafafunsa suka sandare daga baya. Cutar kuwa sau da yawa ta cibiya take shiga, don haka kilohezidin ake shafawa, ba toka ko man goge baki ba. Wanda ya kamu, amfisilin da jentamaisin ake fara masa, a guji seftiriyazon in yana da shawara. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa kafin sallama ko cikin wata ɗaya, domin ɓangaren ji na can cikin kunne yana iya cikewa da ƙashi cikin 'yan makonni.